Zayyana Bayan Sauka Take Zuwa



Mu mutanen zango mun daɗe da sanin nauyin takarda. Kakanninmu da suka biyo hanyar goro zuwa Gwanja ba su faɗa wa gari haka kawai ba. Wasiƙar wani malami ko ta wani maigida ita ce ke buɗe musu ƙofar zaure, ita ke sa a ba su masauki, a amince musu da bashi. Iyayenmu kuwa sun ga ɗaya fuskar al'amarin a watan Nuwamba na 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba da umarnin duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya bar Ghana cikin mako biyu. An rufe gidaje, an karyar da kaya a kasuwa, an rabu da maƙwabta na shekara talatin, duk a kan abin da aka rubuta ko ba a rubuta ba. Tun daga nan ɗan zango ya san cewa a wurare da yawa kafin a dubi fuskarsa sai an dubi takardarsa, kafin a ji maganarsa sai an karanta sunansa da sunan unguwarsu.

Har gobe babban aikin da ke gabanmu, mu da ke riƙe wa dattawa alƙalami, shi ne rubuta takardar shaida. Yaro zai nemi aiki, ko makaranta, ko hayar shago, sai a zo a ce a rubuta cewa an san shi, an san gidansu, ba a san shi da mugun hali ba. Mu rubuta, maigida ya sa hannu, a buga hatimi. Amma a 'yan shekarun nan wani rukuni na 'ya'yanmu ya taso wanda takardarmu ba ta isar masa. Su ne masu rubuta manhajar kwamfuta da ta waya, a Nima da Mamobi da Sabon Zango, a zangon Kumasi, a Tamale. Wanda zai ɗauke su aiki yana iya kasancewa a Accra, yana iya kasancewa a Jamus ko Kanada, bai san maigidanmu ba, hatiminmu kuma ba ya gaya masa komai. Abin da yake nema adireshi ne guda na intanet, wato shafin yaron a dandalin da masu wannan sana'a ke ajiye aikinsu. Wannan shafi ya zama takardar shaidar zamani, kuma mai ita ne ke rubuta ta da hannunsa. Shi ya sa muka ga ya dace mu zauna da yaran, mu tambaya, mu fahimci kayan da ake ƙawata shafin da su, sa'annan mu faɗi abin da muka gani a mizanin da aka rene mu a kansa.

Mafi shahara cikin waɗannan dandamali shi ne GitHub, wanda aka buɗe a 2008, kamfanin Microsoft ya saye shi a 2018 a kan dala biliyan 7.5, kuma a farkon 2023 ya ba da sanarwar masu amfani da shi sun kai miliyan 100. Akwai irinsa kamar GitLab da Bitbucket. Dukkansu an gina su ne a kan wata manhaja mai suna Git, wadda Linus Torvalds ya rubuta a 2005. Kowane aiki yana da rumbunsa. Duk lokacin da mai rubutu ya ƙara wani abu ko ya gyara, sai ya yi abin da za mu kira zubi: a rubuta sunan wanda ya yi, da ranar, da taƙaitaccen bayanin abin da ya canza. Kowane zubi yana da lambarsa ta musamman mai haruffa da alƙaluma 40, kuma a cikinsa akwai lambar zubin da ya gabace shi. Idan wani ya koma baya ya taɓa tsohon zubi, lambarsa za ta canza, lambobin duk waɗanda suka biyo bayansa su ma su canza, ɓarnar ta fito fili ga duk wanda ke riƙe da kwafin farko.

Da aka yi mana wannan bayani ba mu ji baƙon abu ba. Duk wanda ya zauna gaban malami ya san isnadi: wane ya karɓa daga wane, shi kuma daga wane, har a kai tushe. Maƙwabtanmu Wangarawa sun shahara da kiyaye irin wannan silsila. Ɗalibi ba ya ɗaura rawanin malanta sai ya sauke Tafsirin Jalalaini da Ashafa ta Alƙali Iyal da Muwaɗɗa ta Imamu Malik, a rubuta masa sunayen malaman da karatun ya biyo ta hannunsu. Masu manhaja sun isa ga wannan hikima ta tasu hanyar, domin buƙatar ɗaya ce: a san wa ya kawo me, yaushe, kuma a kan aikin wa ya ɗora.

To, ina maganar ado ta shigo? A 2020 GitHub ya ba kowa damar rubuta gabatarwar kansa a saman shafinsa. Hanyar mai sauƙi ce: mutum ya buɗe rumbu a bainar jama'a, ya sa masa suna daidai da sunan da yake amfani da shi a dandalin, ya ajiye wata takarda mai suna README a ciki. Duk abin da ya rubuta a takardar nan shi zai fara bayyana ga mai ziyara. Ana rubutun ne da wani tsari mai suna Markdown, wanda John Gruber ya fitar a 2004, inda 'yan alamomi kaɗan ke mayar da layi ya zama kanun magana, ko kalma ta yi kauri, ko hoto ya fito. Yaro mai hankali zai koye shi tsakanin azahar da la'asar.

Daga buɗe wannan ƙofa sai kasuwar kayan ado ta ci. Akwai shafukan da ke haɗa wa mutum gabatarwar gaba ɗaya, kamar wanda wani ɗan Indiya, Rahul Jain, ya yi: ka cike gurabe, ka sa sunanka, ka danna hotunan harsunan manhajar da ka ce ka iya, shi kuma ya miƙo maka rubutaccen shafi ka kwafa ka liƙa. Akwai Shields.io, mai buga ƙananan tambura masu launi, irin waɗanda ake jerawa kamar lambobin yabo a ƙirjin tsohon soja. Akwai katunan ƙididdiga na github-readme-stats, aikin Anurag Hazra, shi ma ɗan Indiya, waɗanda ke nuna yawan zubin mutum da taurarin da aka ba ayyukansa, har su yanka masa daraja da harafi kamar sakamakon jarrabawa, wani katin kuma ya nuna harsunan da ya fi rubutu da su. Akwai katin da ke ƙirga kwana nawa mutum ya jera bai tsallake zubi ba. Akwai rubutu mai motsi kamar ana buga shi a gabanka, da ma'aunin yawan masu ziyara, har da wani maciji da ke bin allon ayyukan mutum yana haɗiye korayen gidajen. Wanda ya so ya wuce nan yana da GitHub Pages, inda ake ba shi shafin intanet nasa na kansa kyauta. Kusan duk waɗannan kaya ba a biyan ko sisi a kansu, kuma masu su sun bar rubutunsu a buɗe ga mai son dubawa ko gyarawa.

Ba mu cikin masu ganin laifin amfani da su. Mu da aikinmu rubuta wasiƙa ne mun fi kowa sanin darajar samfuri. Alhaji Umaru na Kete Krachi, wanda aka haifa a Kano, ya zauna Salaga har yaƙin basasar 1892 ya tashe ta, ya rasu a 1934, yana cikin manyan malaman da ƙasar nan ta gani, kuma cikin abin da ya bari akwai littafi sukutum a kan ilmin rubuta wasiƙa, mai suna Assarhatul Wariƙa fi Ilmil Wasiƙa. Malami irinsa bai ga ƙasƙanci ba a koya wa mutane yadda ake buɗe takarda da yadda ake rufe ta, domin ya san mai gaskiya yana iya rasa biyan buƙata saboda bai iya gabatar da kansa ba. Yaronmu da ya kwana yana rubuta manhaja a ɗaki ɗaya da ƙannensa huɗu, yana lissafin kuɗin data, yana jiran a dawo da wuta, bai kamata a wuce shi ba don kawai shafinsa ya yi kama da kango. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, in ji Hausawa, kuma shafi mai tsari shimfiɗar fuska ce ga baƙon da ba zai taɓa zuwa zaurenmu ba. A share shi, a tsara shi, a sa masa abin da zai sa ido ya tsaya.

Sai dai akwai tsari a al'adarmu da muke so yaran su tuna. A makarantar allo ana yi wa allo zayyana, a ƙawata shi da ja da rawaya da kore, a zagaye rubutun da zane mai ɗaukar ido, yaro ya riƙe shi a gaban jama'a. Amma ba a yi wa ɗan kotso zayyana. Sai an sauke, sai an sha wanke allo da sake rubutu shekara da shekaru, sa'annan mai zayyana ya ɗauki alƙalaminsa. Ranar kuma ba allon kaɗai ake kallo ba. Ana sa yaron ya karanta, malamai suna saurare. Adon yana da daraja ne saboda kowa ya san abin da aka biya kafin a same shi. Kayan ƙawata shafi sun juya wannan tsari: suna ba ɗan kotso zayyanar mahaddaci cikin minti goma, ba tare da sun tambaye shi ko harafi ɗaya ba.

Mu ɗauki tamburan nan. Iri biyu ne. Akwai wanda ke karanto gaskiya daga wani wuri, misali ya nuna ko gwajin da aka yi wa manhaja ya yi nasara ko ya faɗi, ya canza launi da kansa idan abu ya lalace. Akwai kuma wanda mutum ke rubuta abin da ya ga dama a cikin adireshinsa, ya zaɓi launi, tambarin ya fito. Na biyun nan shi ya fi yawa a shafukan gabatarwa, kuma babu mai tantance shi. Mun ga shafin da aka jera tambura sun fi talatin, harsuna da kayan aiki iri-iri, alhali mai shafin bai cika shekara da fara koyo ba. Wanda ya san sana'ar yana ganin haka zai gane, kamar yadda malami ke gane ɗalibin da ya lissafa littattafai arba'in amma ya kasa warware babin alwala. Abin da aka sa don ya jawo amana sai ya kore ta.

Katin harsuna ma yana da nasa. Abin da yake aunawa shi ne yawan rubutun da ke cikin rumbunan mutum na fili, ba gwanintarsa ba, kuma masu katin da kansu sun faɗi haka. Wanda ya kwafo babban aikin wani ya zuba a rumbunsa, katin zai nuna shi gwani ne a harshen da bai taɓa rubuta layi goma da shi ba. Haka allon korayen gidaje, wanda ke nuna shekara guda, kowane gida kwana ɗaya, launin yana ƙara duhu gwargwadon yawan aikin ranar. Ranar da ke jikin zubi daga kwamfutar mai zubin take fitowa, kuma yana iya sa wadda ya so. Saboda haka akwai 'yan manhajojin da ke cike allon shekara guda cikin daƙiƙu, har wasu na zana hotuna da rubutu a kansa don wasa. A ɗaya gefen kuma, ma'aikacin kirki da ke yi wa kamfani aiki a rufaffen rumbu, allonsa na iya zama fari fat, sai fa in ya zaɓi a nuna adadin ba tare da bayanin aikin ba. Allo mai duhu ba hujja ba ne, farin allo kuma ba tuhuma ba ne.

Maganar jera kwanaki ta fi ba mu tausayi. Shi kansa GitHub yana da irin wannan ƙirga a da, ya cire ta a 2016, amma sai aka dawo da ita ta hanyar katunan waje. Yaro ya kai kwana ɗari bai tsallake ba, sai ya zama bawan lambar: ranar Sallah, ranar rasuwa a gida, ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi, dole ya buɗe kwamfuta ya canza waƙafi ɗaya don kada ƙirgar ta koma sifili. Ko makarantar allo tana da Alhamis da Juma'a. Naci abin yabo ne, amma nacin da ake nufi shi ne na koyo, kuma shi ba ya karyewa don an huta kwana biyu.

Duniyar masu manhaja ta riga ta ɗanɗana abin da ke faruwa idan aka mayar da alama ta zama manufa. Akwai wani biki da kamfanin DigitalOcean ke shiryawa duk watan Oktoba, Hacktoberfest, inda a da ake ba da riga ga wanda ya aika gyara huɗu zuwa ayyukan jama'a. A 2020 sai aka yi ambaliyar gyare-gyaren banza, mutane suna ƙara kalma ɗaya marar amfani don su sami riga, masu kula da ayyukan suka rasa lokacinsu wajen sharar shara, har dole aka canza dokar bikin a cikin 'yan kwanaki. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Duk wanda ke ɗaukar ma'aikata a wannan fage ya san labaran nan, kuma idonsa ya riga ya koyi tsallake ado.

Me yake dubawa ke nan? GitHub yana ba mutum damar kafe ayyuka har shida a saman shafinsa, kuma a nan ne mai hankali ke tsayawa. Zai buɗe ɗaya ya ga ko akwai bayanin abin da manhajar ke yi, wa take yi wa amfani, yadda ake kunna ta. Zai duba tarihin zubi ya ga ko aikin ya girma sannu a hankali, da kuskure da gyara, ko kuwa ya faɗo ne rana ɗaya cikakke kamar an sauke shi daga mota. Zai karanta 'yan bayanan da ke jikin zubin ya ga ko mai su yana iya faɗin abin da ya yi a jimla ɗaya mai ma'ana. Aiki uku da aka gama, ko da ƙanana ne, sun fi rumbu hamsin da aka buɗe aka watsar.

Sama da duk wannan akwai shaidar da mutum ba ya iya ba kansa. Idan yaro ya ga matsala a aikin wasu, ya rubuta gyara, ya aika musu, suka duba, suka yi masa tambayoyi, suka ce ya sake nan ya gyara can, ya yi haƙuri ya sake, daga ƙarshe suka karɓa suka haɗa da nasu, to duk wannan muhawara tana nan a rubuce, kowa na iya karantawa. A nan ake ganin iliminsa, a nan kuma ake ganin halinsa: yadda yake karɓar gyara, yadda yake yi wa wanda bai sani ba magana. Malaman hadisi ba su karɓar mutum don ya yabi kansa. Sai sun ji abin da amintattu suka ce a kansa. Gyara guda da baƙi suka karɓa shi ne tazkiyar wannan zamani, kuma babu shafin da ke buga shi cikin minti goma. Har hatimi akwai: mutum na iya sa wa zubinsa sa hannun sirri, dandalin ya nuna alamar an tabbatar daga gare shi ya fito.

Yanzu bari mu zo kan abin da ya shafe mu mu kaɗai. Kalmar da duk Ghana ke kiran damfarar intanet da ita, wato sakawa, daga harshenmu aka are ta, kuma mun san yadda hakan ya manne wa unguwanninmu. Yaron zango da aka gani da kwamfuta cikin dare, kafin a tambayi me yake yi an riga an yanke masa hukunci, wani lokaci a waje, wani lokaci a cikin gidansu. Ga irin wannan yaro, shafin da ke nuna aikinsa a fili, da sunansa, da tarihin shekara biyu ko uku na koyo, kariya ce ga mutuncinsa. Ɗan damfara ɓuya yake nema. Mai sana'a yana cewa ga aikina, a duba. To amma wannan kariya tana aiki ne muddin shafin gaskiya yake faɗa. Ranar da aka kama ɗan Nima da allon da ya cike da dabara, ko aikin wani da ya goge sunan mai shi ya sa nasa, ba shi kaɗai zai biya ba. Wanda ya kama shi zai tuna unguwar, kuma yaro na gaba mai irin sunansa zai tarar da ƙofar ta ƙara nauyi. 'Yan tsiraru ba su da gatan yin ƙarya su kaɗai. Ramin ƙarya ƙurarre ne ga kowa, amma namu ya fi saurin ƙurewa.

Wasu yaran sun tambaye mu ko su ɓoye sunansu na gida, su sa wani laƙabi da ba zai nuna daga inda suka fito ba. Mun san dalilin tambayar, ba kuma za mu raina shi ba. Dandalin bai hana laƙabi ba, kuma akwai manyan masu sana'ar da aka fi sani da laƙabinsu. Sunan shiga ma ba ya karɓar haruffanmu masu lanƙwasa, sai baƙaƙen Turanci da alƙaluma da karan ɗori, ko da yake a gurbin cikakken suna mutum na iya rubuta ƙ da ɗ da ɓ yadda suke. Shawararmu ita ce wanda ba ya tsoron wata cuta ya bar sunansa. Duk Abdullahi ko Hawa ko Fuseini da ya yi aiki mai kyau da sunansa yana sauƙaƙa wa na bayansa hanya. A gabatarwar kuma, bayan Turancin da kasuwa ke buƙata, babu abin da ya hana a ƙara layi biyu da Hausa, a kuma ambaci harsunan da mutum ke ji. Ɗan zango da ke jin Hausa da Turanci da Tuwi, wataƙila da Dagbani ko Larabci ko Faransanci, yana riƙe da abin da yawancin masu tambura talatin ba su da shi.

Wannan ya kawo mu ga tambayar me za a kafe a gurabe shidan nan. Yawancin masu koyo suna cika shafinsu da aikin darasi iri ɗaya, wanda dubban mutane suka yi daga bidiyo ɗaya. Alhali ga buƙatu a ƙofar gida. Matan da ke adashe suna riƙe lissafi a ka ko a littafin makaranta. Makarantun Islamiyya suna bin kuɗin wata da sunayen ɗalibai a takardun da ruwa ke ci. Rabon gado yana da ƙa'idoji tsararru da za a iya rubuta wa manhaja a ƙarƙashin kulawar malami. Akwai takardun ajami a akwatunan gidajen malamai da ke jiran a juya su zuwa boko. A fagen harshe kuma akwai ayyukan da ƙofarsu ke buɗe: ƙungiyar Masakhane mai aikin fassarar na'ura ga harsunan Afirka, da HausaNLP, duk suna ajiye aikinsu a GitHub, sa'annan shirin Common Voice na Mozilla yana tattara muryoyin masu jin Hausa. Hausar zango tana da nata kalmomi da nata lafazi, kuma idan 'ya'yanta ba su shigar da ita ba, na'urorin gobe za su tashi ba su san da ita ba. Yaron da ya kafe aiki guda irin wannan, wanda mutanen unguwarsu ke amfani da shi da gaske, ya ba mai ziyara labarin da babu katin ƙididdigar da zai iya bayarwa.

Akwai gargaɗi biyu da bai kamata mu tsallake ba. Na farko, shafin nan duniya ce ke ganinsa. Kada a sa lambar waya, ko kwatancen gida, ko hoton katin shaida, musamman ga 'ya'yanmu mata da suka shiga wannan fage, waɗanda muke alfahari da su. Adireshin imel da ke jikin kowane zubi yana bayyana ga mai nema, amma dandalin yana ba da wani na rufin asiri ga wanda ya kunna shi. Kalmar sirri ko mabuɗin wani asusu da aka zuba cikin rumbu bisa kuskure yana zama a tarihi ko an goge shi daga baya, don haka sai an canza shi ɗungurum. Na biyu, yawancin katunan ado daga wata na'ura ta waje ake ɗauko su duk lokacin da aka buɗe shafin. Idan ta cika da jama'a ko ta tsaya, abin da baƙo zai gani shi ne gurbin hoto a karye. Shafi mai nauyin hotuna masu motsi kuma yana wahalar da mai ƙaramar waya da ƙaramin data, wato irin mutanenmu. Rubutu tsantsa ba ya karyewa.

Idan za mu tsara wa yaro shafinsa yadda muke tsara takardar shaida, ga abin da za mu ce. Ya faɗi ko shi wane ne da abin da yake yi a layi uku. Ya ambaci kayan aikin da zai yarda a titsiye shi a kansu gobe da safe, ya bar sauran, ko ya ce yana kan koyonsu, domin faɗin haka ba ya rage daraja. Ya kafe ayyukan da ya gama, kowanne da bayaninsa da hoton yadda yake aiki. Ya nuna inda wasu suka karɓi gyaransa. Ya ambaci waɗanda ya ɗora a kan aikinsu, kamar yadda ɗalibi ke ambaton malamansa. Bayan wannan, in ya so kati ɗaya ko tambura kaɗan don ido ya huta, bismillah, zayyana ce ta halal tunda an sauke.

Ku kuma iyaye da dattawa, ba sai kun iya karanta rubutun manhaja ba kafin ku sa ido. Ku ce yaro ya buɗe muku shafinsa. Ku tambaye shi wannan aikin me yake yi, wa ya amfana da shi, wa ya duba masa. Mai gaskiya zai ji daɗin tambayar, ya yi ta bayani har ku gaji. Ta haka za ku san abin da ke hana shi barci, shi kuma ya san gida na tare da shi. Mu a namu ɓangaren za mu ci gaba da rubuta takardunmu da buga hatiminmu ga mai buƙata, muna shaidar abin da muka sani na hali da asali. Abin da ya shafi gwaninta kuwa yaran ne za su rubuta shi da kansu, zubi bayan zubi, a inda kowa zai iya bincikawa.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya sa albarka a sana'arsu, Ya tsare su daga yin ado da abin da ba nasu ba.